Yadda Ake Tsara Ranakun Wankin Dasashi Ga Mai Shan Magani Kafin Aikin Haƙori

Wankin da ake shiga ƙarƙashin dasashi a kankare dattin da ya daskare a saiwar haƙori yakan sa jini ya fito, ƙwayoyin cutar baki su samu hanyar shiga jini. Ga wanda aka sanya wa bawul (ƙofar da ke daidaita wucewar jini) na roba ko na ƙarfe a zuciya, ko wanda ƙwayoyin cuta suka taɓa kama masa cikin zuciya, wannan babban hatsari ne. Shi ya sa ake ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta tukuna, kafin a fara aikin.

Da farko, ka je wa likitan haƙori da katin asibitin zuciyarka da duk magungunan da kake sha. In kana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kada ka daina da kanka. A duba maka INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, dab da ranar aikin.

Sai maganar raba aikin, kuma nan ne ya kamata a natsu. An saba raba baki kashi huɗu, kowane kashi da ranarsa. Ga mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, zuwa huɗu shan magani huɗu ne, kuma duk sha ɗaya yana barin ƙwayoyin da suka fara jure masa. A ganina gara ka roƙi a yi ɓangaren dama a zama ɗaya, na hagu a wani, in jikinka zai ɗauki dogon zama a kujera.

Tsakanin zama biyu a bar aƙalla kwana 10, kamar yadda Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawara. In dole ce ta sa a matso da rana, likita ya canja nau'in maganin. Haka ma wanda ake yi wa allurar penisilin duk wata, wani nau'in daban ya dace da shi.

Ranar aikin, babba yakan sha amoxicillin giram 2, minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Tunda layi yakan yi tsawo a asibiti, riƙe maganin a aljihu, ka tambayi nas yaushe za a kira ka, sannan ka sha. In an manta, ana iya sha har awa 2 bayan aikin. Wanda penisilin ba ya karɓarsa ya faɗa tun ranar farko, domin amoxicillin dangin penisilin ne.

Bayan an gama, in zazzaɓi ya ƙi sauka ko gumin dare ya dame ka, kada ka ce maleriya ce kawai. Koma wurin likitan zuciya, ka gaya masa an taɓa maka dasashi.