Kafin ka zuba kuɗi a faladiyam saboda labarin haɗakar nukiliya mai sanyi

Duk wanda ya kawo mini labarin cewa haɗakar nukiliya mai sanyi (iƙirarin samar da makamashi ta haɗe ƙwayoyin zarra ba tare da tsananin zafi ba) za ta ɗaga farashin ƙarfe mai daraja da ake kira faladiyam, abu na farko da nake tambayarsa shi ne: wa ya sake yin gwajin ya samu sakamako iri ɗaya? Kai ma fara daga nan.

Ranar 23 ga Maris, 1989, masana kimiyya Martin Fleischmann da Stanley Pons suka kira 'yan jarida a Jami'ar Utah ta Amurka, suka ce sun tsoma sandar faladiyam cikin ruwa mai nauyi (wani nau'in ruwa da sinadarin haidurojin ɗinsa ya fi na ruwan yau da kullum nauyi), suka sa masa lantarki, zafin da ya fito ya fi ƙarfin da suka saka. Nan take farashin faladiyam ya yi sama. Kafin shekarar ta ƙare, kwamitin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya ce bai ga gamsasshiyar hujja ba, aka sake dubawa a 2004, ba ta canja zani ba. Google ya kashe kusan dala miliyan 10, a 2019 masu bincikensa suka bayyana a mujallar Nature cewa ba su ga abin ba. Ina girmama masu ci gaba da binciken, yanzu da sunan LENR (wato aikin nukiliya mai ƙarancin ƙarfi), amma kuɗin gumi ba na gwaji ba ne.

Sai ka tambayi ƙarfen da gwajin ya yi amfani da shi. Na'urar E-Cat ta Andrea Rossi, wadda ya ce tana samar da zafi ta irin wannan hanya, da ƙarfen nikel take aiki, to ko da ta tabbata, me mai haƙar faladiyam zai samu?

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne kan masu sayen ƙarfen a yau. Kusan kashi 80 cikin 100 na faladiyam na tafiya ne cikin na'urar tace hayaƙi ta motoci, galibi masu shan fetur. Rasha da Afirka ta Kudu ke haƙo mafi yawansa. Shi ya sa yaƙin Yukren ya kai farashin oza guda (kusan giram 31) sama da dala 3,000 a Maris 2022, sannan yaɗuwar motocin lantarki ta taimaka ya faɗo ƙasa da dala 1,000 a farkon 2024. Ɗakin gwaji bai taka rawa a nan ba.

Buɗe rahoton shekara na kamfanin haƙar faladiyam da kake son zuba kuɗi a ciki, Sibanye-Stillwater ne ko Impala Platinum, ka duba nawa suke kashewa kan kowace oza, da bashin da ke kansu. In lissafin bai tsaya ba sai an haɗa da haɗakar nukiliya, riƙe kuɗinka.