Don Allah a daina jefa allura a kwandon shara

Salam ƴan uwa, musamman masu ciwon suga da ke yi wa kansu allurar insulin a hostel da ɗaliban nas. Jiya na ga sirinji tsirara a kwandon shara na bayan ɗakinmu, kuma baba mai shara da hannu yake kwashewa, ko safar hannu babu, wallahi abin ya tsaya min a rai.

In kun gama da allura kar ku mayar mata da murfi, a nan ake yawan soke yatsa. Ku je kilinik ɗin makaranta ku karɓi kwalin nan rawaya na allurai, in babu ku samu jarka mai kauri mai murfi, ku rubuta a jiki, in ta kai kashi 3 cikin 4 ku rufe ku kai musu, kar a ƙona a bola. Auduga da bandeji masu jini a ɗaure a leda daban.

In allura ta soke ka, wanke wurin da sabulu da ruwa, kar ka matse, ka tafi kilinik nan take, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma a tambaye su batun rigakafin ciwon hanta.