Yadda Ake Shigowa Cikin Konchato A Gaban Jama'a Ba Tare Da Tuntuɓe Ba

Ba zan ɓata lokaci kan riƙon baka ko shafa masa ƙaro ba. Yaron da ya kai ga tsayawa da gogen Turawa a gaban tawagar makaɗa ya wuce nan.

Fara da zaɓen konchato, wato kiɗan da mai goge ɗaya ke kaɗawa tawagar makaɗa na rufa masa baya. Cikin na mawallafan kiɗan Turai, ka ɗauki na Mendelssohn ko na Bruch mai lamba ɗaya, ka bar Tchaikovsky da Brahms sai hannu ya faɗa. Na Beethoven kuwa, ban yarda ɗalibina ya fita da shi karon farko ba, ko da yatsunsa sun iya.

Matsalar tana wajen shigowa, kuma nan na ga yara sun fi faɗuwa. A kiɗan nan na Beethoven na 1806, ganga ce ke buɗewa, makaɗa su yi ta yi kusan minti uku kana tsaye, goge a hannu, ido duk a kanka. Sai a gaɓa ta 89 (gaɓa ita ce ɗan yankin da ake ƙirga kiɗa da shi) za ka shigo, sautinka na hawa daga ƙasa zuwa sama a fili, ba inda za ka ɓuya. Na taɓa ganin yarinyar da ta haddace shi tsaf a ɗaki, amma ba ta taɓa gwada tsayuwar nan ba. Tafinta ya jiƙe, lissafi ya kuɓuce mata, ta shigo a makare.

Maganin shi ne ka kunna faifan kiɗan tun daga farko, ka tsaya cak kamar kana dandamali, ka jira, sannan ka shigo. Kullum sau biyar. Kada ka dogara da ƙirge kaɗai, tsoro na cinye shi. Ka haddace abin da makaɗa ke kaɗawa dab da shigarka har ka iya rera shi da baki. In da hali ka ɗauki mai fiyano ya tsaya a madadinsu. Kuɗin awa yake karɓa, kuma ba arha, amma ko zama biyu ne ka yi.

Na Mendelssohn, wanda Ferdinand David ya fara kaɗawa a Leipzig a 1845, tarkonsa daban ne. A gaɓa ta biyu kake shigowa, don haka goge ya hau kafaɗa kafin madugun makaɗa ya ɗaga sanda. Kuma kashi na farko na ƙarewa, mai busa basun (wata doguwar sarewa mai kaurin murya) zai riƙe sauti guda ya zarce da ku kashi na biyu, babu sararin gyara tsirkiya. Ka daidaita ta sosai tun kafin a fara.

Sabbin tsirkiyoyi a sa su mako guda kafin ranar, don suna saki. A gwajin ƙarshe ka gaya wa madugu saurin da kake so, ka bar wata tsirkiyar a akwati, ka ci abu mara nauyi.