Yadda ake shuka furen safiya da kula da shi a lambun gida

Furen safiya tsiro ne mai yaɗo, ɗan gidansu dankali da duman kada. Masana tsirrai suna kiran danginsu Ipomoea, masu sayar da iri kuma sukan rubuta Morning Glory a jikin fakiti. Ganyensa mai siffar zuciya ne, furensa kuma kamar bakin kakaki. Kowane fure kwana ɗaya yake yi a duniya. Yana buɗewa da asuba, kafin azahar ya yi yaushi ya naɗe, washegari wasu sababbi su maye gurbinsa. Cikin wata biyu zuwa uku tsiron kan kai mita 2 zuwa 3, wani ma ya zarce, shi ya sa ake rufe danga da shi ko a yi wa baranda inuwa.

Nau'ukan da aka fi shukawa ba su da yawa. Ipomoea purpurea, wanda asalinsa Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, yana ba da shunayya da ruwan hoda da fari, kuma ya fi sauran juriya. Ipomoea tricolor shi ne mai shuɗin nan kamar sararin sama, wanda aka fi sani da Heavenly Blue, faɗin furensa yakan kai santimita 8 zuwa 10. Ipomoea nil mutanen Japan ne suka daɗe suna renonsa har suka fitar da launuka iri-iri. Akwai kuma Ipomoea alba, fari mai ƙamshi, wanda shi da yamma yake buɗewa ya kwana a buɗe. Mai fara shuka ya fara da purpurea ko tricolor. Shi kuwa Ipomoea indica gara a ƙyale shi, domin ba ya mutuwa a ƙarshen shekara, duk inda karansa ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa, har ya zame wa ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu annoba.

Wuri da ƙasa

Nemi wurin da rana ke buga shi aƙalla awa 6 a yini. Gefen da ke fuskantar gabas ya fi, don ranar safe ita ce ke samun furen a buɗe, kuma inda zafi ya yi tsanani inuwar yamma takan hutar da ganyen. Kada wurin ya zama mashigar iska mai ƙarfi, don tana yayyaga furen.

A wajen ƙasa ne mutane da dama ke kuskure, kuma kuskuren na kyakkyawar niyya ne. Sai mutum ya zuba taki mai yawa yana ganin gata ya yi wa shukarsa. Furen safiya ba ya son wannan gatan. Idan sinadarin naitirojin ya yi yawa a ƙasa, tsiron zai yi ta fitar da ganye kore shar, manya-manya, ya rufe danga ruf, amma fure sai dai ɗaiɗai ko babu ko ɗaya. Ƙasa matsakaiciya wadda ba ta riƙe ruwa ita ce tasa. In taka mai yumɓu ce, tona zurfin santimita 25 zuwa 30 ka gauraya da yashi da ɗan ruɓaɓɓen ganye. In jigawa ce, tafi biyu na ruɓaɓɓen taki a kowace mita ɗaya ya wadatar. Kashin kaji da takin yuriya kuwa a nisanta su da gindinsa.

Shirya iri da shukawa

Ƙwayar irin baƙa ce, ƙarama, mai kusurwa, ɓawonta kuma da tauri ƙwarai. In aka binne ta haka nan, ruwa ba ya ratsa ta da wuri, sai ta yi makonni ba ta tsiro ba. Ɗauki magagari ko samfefa ko abin yanke farce ka ɗan karce bayanta mai lanƙwasa, har ka hango fari-fari daga ciki, sai ka tsaya. Kauce wa ɗan tabon da ke kan tsininta, nan ne saiwa za ta fito. Daga nan ka jiƙa ta a ruwa mai ɗumi awa 12 zuwa 24. Da safe za ka ga ta kumbura ta kusa ninka girmanta, wata ma har ɗan farin hancin saiwa ya leƙo. Wadda ba ta kumbura ba, sake karce ta ka mayar cikin ruwa. Kada jiƙon ya wuce yini ɗaya da kwana, irin zai ruɓe.

Shuka a zurfin santimita 1, a bar tazarar santimita 15 zuwa 30. Zuba ƙwaya biyu a rami, in duka sun fito ka yanke mai rauni da almakashi maimakon tugewa, don kada ka girgiza saiwar ɗan'uwansa. Irin yana son ƙasa mai ɗumi, digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, kuma a haka yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10. A ƙasa mai sanyi da laima ruɓewa yake yi. A wuraren da sanyi ke daskarar da raɓa, sai a jira wannan lokacin ya wuce sarai, domin dare ɗaya na irin wannan sanyi ya isa ya kashe shi.

Tsiron ba ya son dashe. Shuka shi kai tsaye inda zai zauna. In dole sai ka rene shi a wani wuri, yi amfani da ƙaramin kofin takarda wanda za ka binne gaba ɗaya bayan mako uku.

Abin da zai hau

Kafa matallafi tun kafin ka shuka, ko a ranar. Furen safiya ba shi da ƙugiya ko abin mannewa a bango. Karansa ne ke kanannaɗe abu. In ka tsaya ka lura da kan tsiron, za ka ga yana lilo a hankali yana zagaye iska har ya ci karo da abin kamawa, kuma in ka duba daga sama, juyinsa saɓanin tafiyar hannun agogo ne. Idan za ka taimaka masa da hannu, bi da shi ta wannan hanyar, in ka naɗa shi ta ɗaya gefen zai warware kansa.

Saboda haka sumul ɗin bango ko ginshiƙi mai kauri ba su da amfani gare shi. Abin da yake kamawa siriri ne, wanda bai wuce kaurin yatsa ba: igiya, waya, raga, ko siririn gora. Ɗaura igiyoyi daga turaku a ƙasa zuwa sama, tsayin mita 2 zuwa 2.5, tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu. In a jikin bango ne, bar ratar santimita 5 don karan ya samu wurin zagayawa. Ɗaurin ya yi ƙarfi, domin idan ganye ya cika kuma ruwan sama ya jiƙa shi, nauyin ba kaɗan ba ne. Igiyar zare ko ta rama ta fi waya sauƙin sha'ani, don a ƙarshe sai ka yanke ta tare da busasshen yaɗon.

Idan tsiron ya yi ganye 5 ko 6, datse kansa da farce. Zai fitar da rassa biyu ko uku daga ƙasa, dangar ta cika tun daga gindi maimakon furen ya taru can sama.

Ban ruwa da taki

A makonni uku na farko kada ƙasar ta bushe. Bayan haka, ban ruwa mai ratsawa sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafi kullum. Tura yatsa santimita 3 cikin ƙasa, in ka ji a bushe sai ka ba shi, a gindi kuma da safe. Ganyen kan yi laushi da tsakar rana ko da akwai danshi, wannan ba ƙishi ba ne muddin ya miƙe da yamma. Na cikin tukunya ya fi saurin bushewa, lokacin zafi kullum yake sha. Tukunyar ta kai santimita 30 faɗi da zurfi, da huda a gindi, tsiro biyu ko uku kacal a ciki. Na cikin tukunyar ne ma ya fi bukatar taki, a ba shi mai ƙarancin naitirojin, irin takin zamani mai lamba 5-10-10 (lambar farko ita ce ta naitirojin), rabin abin da aka rubuta a jikin buhu, sau ɗaya a wata.

In ya ƙi fure

Duba abu uku. Na farko taki, kamar yadda aka faɗa. In shi ne, daina bayarwa, ka rage ruwa kaɗan, ka yi haƙuri. Na biyu inuwa. Na uku kuwa ba kowa ya san shi ba, shi ne hasken dare. Yawancin waɗannan nau'uka, musamman Ipomoea nil, tsawon duhun dare suke aunawa kafin su fara toho. Fitilar tsaro ko ta baranda da ke haska ganyen dare duka na iya jinkirta furen ko ta hana shi. Kashe ta, ko ka kare tsiron daga haskenta. A ƙasashen da yini ke tsawo sosai lokacin zafi, furen kan jira har dare ya fara tsawaita.

Kwari da cuta

Darɓa takan taru a ƙarƙashin sabon ganye ta sa ya nannaɗe ya yi danƙo. Fesa mata ruwa da ƙarfi, ko ka haɗa ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa a lita 1 ka fesa da yamma. In ganye ya yi ɗige-ɗigen rawaya da siririyar saƙa a bayansa, ƙananan kwari ne dangin gizo-gizo masu son zafi da bushewa, wanke bayan ganyen a kai a kai yana rage su. Ƙananan huji a ganye aikin buzuzu ne ko tsutsa, ba sa kashe tsiron, tsince su da hannu ya isa. Fararen ƙuraje ko masu launin tsatsa a bayan ganye cuta ce da laima da cunkoso ke kawowa, sai a cire ganyen a zubar nesa, a daina jiƙa ganye wajen ban ruwa. Ganyen ƙasa ya yi rawaya alhali ƙasa na jiƙe sharkaf, saiwa ce ke ruɓewa. Kuma tunda danginsu ɗaya da dankali, kwarinsu ma kusan ɗaya ne, kada a haɗa su wuri guda.

Iri da hana shi bazuwa

Bayan fure ya faɗi, ɗan kwanso mai kama da ƙwallo yakan fito. Idan ya bushe ya yi ruwan ƙasa, matsa shi kaɗan zai fashe, ka samu ƙwaya 4 zuwa 6. Shanya su a inuwa mako guda, ka zuba a ambulan ɗin takarda, ka rubuta launi da shekara, ka ajiye a wuri mai sanyi marar laima. Irin yana da guba, saboda haka a ɓoye shi daga yara da dabbobi, wanda aka sayo ma sau da yawa an shafe shi da maganin funfuna.

Taurin ɓawon nan yana sa ƙwayar da ta zube ta yi shekaru a ƙasa tana jiran ruwa, kuma a gonakin masara da auduga da waken soya ciyawa ce mai wahalar da manomi. In lambunka na kusa da gona, riƙa tsinke furen da ya yi yaushi kafin ya ɗaura kwanso, ka bar biyar ko shida kawai don iri. Idan yaɗon ya bushe, shimfiɗa buhu a gindi kafin ka yanke igiyoyin, don ƙwayoyin da za su zube su faɗa kansa, kuma kada ka jefa yaɗon mai kwanso cikin ramin taki.