Darasi na Tara: Halayen Mai Jagorantar Aikin Al'umma

A garuruwanmu da ƙauyukanmu ba a rasa aikin da jama'a suka haɗa kuɗi domin yi, kamar gina ajujuwa biyu a makarantar firamare, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko yin kwalbati a hanyar kasuwa. Galibi akan zaɓi mutum ɗaya a ɗora masa jagoranci, a ba shi ma'aji da sakatare. Wannan darasi yana magana ne a kan wannan mutumin, da abubuwan da ya kamata ya saba yi kullum domin aikin ya kammala a kan lokaci, da kuɗin da aka tanada, kuma da ingancin da aka yi alkawari.

Kuɗi kaɗai ba ya gama aiki. An fara gina masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, wadda ke Jihar Kogi a yau, tun 1979, an kashe mata dukiya mai yawa, amma har yanzu ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba. Madatsar ruwa ta Tiga kuwa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo a Kano, an kammala ta a 1974, kuma manoman Kadawa da Kura suna noman rani da ruwanta har gobe. Dalilan da suka bambanta waɗannan ayyuka suna da yawa, amma jagoranci da bibiya suna daga cikin manyansu, kuma haka abin yake ko a ginin aji ɗaya.

Sanin iyakar aiki

Hausawa suna cewa tun ran gini tun ran zane. Kafin a haƙa fandisho, jagora nagari yakan tara jama'a a gaban mai unguwa ko dagaci, a amince da abin da za a yi dalla-dalla: aji nawa, faɗinsu nawa, rufin kwano ko dakin (wato rufin kankare), da ranar da ake son gamawa, sannan a rubuta, kowa ya ji an karanta. Amfanin wannan rubutu yakan fito ne bayan gini ya kai linta, lokacin da wani mai faɗa a ji zai zo ya ce a ƙara ofishin hedimasta. Shawarar tana iya zama mai kyau, amma jagora ba ya karɓarta a tsaye a bakin gini. Yakan mayar da ita gaban kwamiti, a lissafa bulo da siminti da kwanakin da za ta ƙara, a kuma tambayi inda kuɗin zai fito. Ayyuka da yawa da muke gani an yasar babu rufi, irin wannan ƙarin da aka karɓa don kunya ne ya cinye kuɗinsu.

Littafi da biro

Wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi kowace muhimmanci ga ɗalibin wannan aji, domin ita ce amfanin karatun da yake koyo. Jagora ya riƙe littafi guda wanda ba ya rabuwa da shi. Duk kuɗin da ya shigo a rubuta sunan wanda ya bayar da kwanan wata, duk abin da aka saya a karɓi rasit a manna. Idan tifa ta kawo yashi a rubuta, idan an buɗe buhun siminti goma a rana a rubuta, haka ma yawan leburorin da suka zo da abin da aka biya kowannensu. Allah Maɗaukaki ya umarci masu bashi da su rubuta a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, to ina ga dukiyar jama'a da aka ba mutum amana?

Wasu suna ganin neman rasit alama ce ta rashin yarda. A gaskiya rubutu yana kare mai gaskiya ne, domin ranar da aka fara raɗe-raɗin an ci kuɗi, rantsuwa ba ta kashe maganar kamar yadda littafi yake kashe ta. Yana da kyau ƙwarai a riƙa karanta lissafin ga jama'a duk wata, ko da ba wanda ya nema.

Lura da lokaci da farashi

A ƙasar Hausa damina takan kankama daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi yawa a Agusta, hanyoyin ƙauye su lalace, leburori kuma su koma gona. Mai hangen nesa yakan tsara aikinsa yadda za a yi rufi kafin ruwa ya sauka. Haka nan ya san cewa kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa, saboda haka ba ya matsa wa birkila ya cire katakon dakin da wuri don kawai a burge baƙi.

Farashi ma ba ya jiran kowa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dakon kaya ya tashi, sannan a farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya kusa ninka kuɗinsa cikin makonni kaɗan. Don haka jagora yakan ware wani abu, misali kashi 10 cikin 100 na kasafin, domin abin da ba a zata ba, kuma yakan sayi rodi da kwano tun kuɗi na hannu. Siminti kam ba a tara shi da yawa, domin danshi yana daskarar da shi.

Zama da mutane

Jagora ba lallai ne ya iya ɗora bulo ba, amma lallai ne ya riƙa zuwa wurin aiki da kansa, ya saurari birkila da kafinta, domin su ne suke fara ganin matsala. Ya biya lebura haƙƙinsa a ranar da aka yi alkawari, kuma idan zai yi gyara ya ja mutum gefe, kada ya kunyata shi a gaban yaransa. Abu mafi wuya shi ne faɗin labari marar daɗi da wuri. Idan ya ga kuɗi ba zai kai rufi ba, ya sanar da kwamiti tun gini yana taga, lokacin da za a iya neman gudummawa ko a rage aikin, maimakon ya yi shiru har ma'aikata su tattara kayansu.

Aikin aji

An tara naira 2,000,000 domin gyaran aji. Idan aka ware kashi 10 cikin 100 domin abin da ba a zata ba, nawa ya rage na aiki? Bayan haka, kowane ɗalibi ya ja layi huɗu a littafinsa, na kwanan wata, da abin da aka saya, da kuɗinsa, da abin da ya rage, ya rubuta cefanen gidansa na mako guda, ya kawo wa malami a zama na gaba.