Kurakuran masu garzayawa Babbar Kotu kan takardar harajin GST a Indiya

Tun da Indiya ta fara karɓar harajin kaya da hidima, wato GST, ranar 1 ga Yuli 2017, 'yan kasuwa da dama da zarar takardar tuhuma ta iso sai su nufi Babbar Kotun jiha. Sashe na 226 na tsarin mulki ya buɗe wannan ƙofa, amma alƙalai ba sa barin kowa ya shige ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kai ƙara tun takardar tana matakin neman bayani, ba a yanke maka komai ba. Yawanci kotu za ta ce ka koma ka amsa. Ka rubuta amsarka cikin wa'adin da aka ba ka, ka haɗa rasit da takardun saye, ka nemi a saurare ka baki da baki. Sashe na 75(4) na dokar GST ta tarayya ya wajabta wannan zama in za a yanke hukuncin da zai cutar da kai.

Wasu kuma sukan je da gardamar lissafi, suna cewa jami'i ya yi kuskuren adadi. Wannan aikin hukumar ɗaukaka ƙara ne. A shari'ar Whirlpool ta 1998, Kotun Ƙoli ta fayyace inda Babbar Kotu kan saurari ƙara duk da akwai wata hanyar: tauye haƙƙin da tsarin mulki ya kare, hana mutum kare kansa, jami'in da ba shi da hurumi, ko ƙalubalantar dokar kanta. Ta jaddada haka a shari'ar Commercial Steel ta 2021. Lauya ya gina ƙararsa kan ɗaya daga ciki, ya faɗe shi tun a shafin farko.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne sakaci da lokaci. Sashe na 107 na dokar GST ya ba da wata 3 a ɗaukaka ƙara, da ƙarin wata 1 in akwai uzuri, bayan an ajiye kashi 10 cikin ɗari na harajin da ake jayayya a kai. Mutum ya guje wa wannan ajiya, ya zauna har wa'adi ya shige, sannan ya ruga Babbar Kotu! A shari'ar Glaxo ta 2020, Kotun Ƙoli ta ce bai kamata a karɓi irin wannan ƙara haka kawai ba. Ka rubuta ranar da hukunci ya iso gare ka, kuma ka riƙa duba shafin GST na intanet kowane mako, domin a can ake ajiye takardun.