Sashen manyan baƙi a jirgin ruwan shaƙatawa: inda mutanen Abuja ke zubar da dala

Mutumin Abuja ba ya ganin teku sai ya hau jirgin sama, amma hakan bai hana hutun jirgin ruwa shiga cikin abubuwan da masu hali ke tambayar ejan na tafiye-tafiye a Wuse da Maitama ba. Wasu amarya da ango ne, wasu maigida ne da iyalinsa bayan an rufe makarantu. Da zarar ejan ya buɗe kwamfuta, tambayar da ke biyo baya ita ce: ɗaki na gama-gari za a kama, ko sashen manya?

Sashen nan yanki ne da ake keɓewa, galibi a saman jirgi, ƙofarsa ba ta buɗuwa sai da katin ɗakin wanda ya biya. Kamfanin MSC yana kiran nasa Yacht Club, ya fara shi a jirgin Fantasia a 2008. Kamfanin Norwegian na da The Haven, na Celebrity na da The Retreat. A ciki akwai falon hutawa, gidan abinci na daban, wurin ninƙaya marar cunkoso, jami'in da ke tsara wa baƙi buƙatunsu, da hadimi mai zuwa har ɗaki. Kuɗinsa kan ninka na ɗaki mai baranda, wani lokaci ma ya zarce haka.

Ni a ganina abin da ake saya a wurin guda biyu ne, natsuwa da tsallake layi. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana iya ɗaukar fasinjoji kusan 7,600, MSC World Europa kuma, wanda ya zama masaukin 'yan kallon gasar cin kofin duniya a Doha a 2022, yana ɗaukar fiye da 6,000. A cikin irin wannan taro natsuwa tana da daraja. Sai dai yawancin masu dawowa da ƙorafi tun kafin su isa filin jirgin Nnamdi Azikiwe suka yi kuskuren.

Raba iyali gida biyu

Wannan ne ya fi cin mutanenmu, domin mu ba mu saba tafiya mu biyu kacal ba. Alhaji zai kama babban ɗaki a sashen manya shi da Hajiya, sannan ya kama wa Inna, da manyan yara, da mai raino ɗakuna na gama-gari a ƙasa, yana lissafin cewa ai da rana kowa zai hauro a zauna tare. Ba haka tsarin yake ba. Izinin shiga falo da gidan abincin yana bin ɗakin da aka rubuta sunan mutum a ciki, ba ya bin wanda ya biya kuɗi. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa zai yi maka murmushi, ya ba ka haƙuri, ya mayar da mahaifiyarka. Wane ɗa ne zai iya zama cin abinci a sama alhali tsohuwa tana bin layi a ƙasa? Ƙarshenta kowa ya sauko, a ci tare a babban gidan abinci, falon da aka biya dubban daloli dominsa ya zama na wasu.

Hanyar gyara biyu ce. Ko dai kowa ya shiga sashen, idan aljihu zai ɗauka. Norwegian na da ɗakunan iyali masu ɗakin kwana biyu a The Haven, wasu jiragen MSC kuma suna da ƙananan ɗakuna marasa taga a cikin Yacht Club, masu sauƙin kuɗi amma da cikakken izinin shiga ko'ina. Ko kuma a haƙura da sashen gaba ɗaya, a kama ɗakuna biyu ko uku masu baranda a jere, a nemi waɗanda ke da ƙofa a tsakaninsu. Ga iyalin da ya kai mutum shida ko bakwai, ni na biyun nake ba da shawara.

A nan ne kuma ake mantawa cewa farashin da ke jikin talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu.

Sayen suna maimakon abin da ke ciki

Kamfanonin nan sun iya laƙabi. A Celebrity akwai ɗakunan da ake kira Concierge Class, amma ɗakuna ne masu baranda da aka ƙara wa 'yan alfarma, ba su ba ka izinin shiga The Retreat. A Norwegian, Club Balcony Suite ba ya cikin The Haven. A MSC, tsarin Aurea daban, Yacht Club daban. Royal Caribbean ta raba manyan ɗakunanta a sababbin jirage zuwa Sea, Sky da Star, kuma mai ƙaramin ɗaki na matakin Sea ba ya samun abin da na Sky ke samu, balle hadimi na musamman da ake ba 'yan Star. Wanda ya ji suna mai daɗi ya tura kuɗi ya yi cinikin biri a sama. Ka sa ejan ya rubuto maka sunan jirgin, lambar rukunin ɗakin, da jerin wuraren da katinka zai buɗe, sannan ka duba da kanka a shafin kamfanin. Sunan jirgin yana da muhimmanci, don tsofaffin jiragen kamfani ɗaya sukan rasa gidan abinci ko wurin ninƙaya na sashen.

Biyan kuɗin giyar da ba za ka sha ba

Ba a cika faɗa wa mutanenmu wannan ba. Wani kaso mai kauri na abin da Bature ke lissafawa idan ya ce sashen ya biya kuɗinsa, barasa ce. A Yacht Club abin sha yana cikin kuɗin ɗaki, a falon manyan ɗakunan Royal Caribbean kuma akwai sa'o'in yamma da ake ba da shi kyauta. Wanda ke shan giya kofi bayan kofi na tsawon mako yana rage zafin abin da ya biya. Kai da abin shanka shayi ne da lemo da ruwa, wannan ribar ba taka ba ce. Don haka idan za ka kwatanta, ka ɗauki kuɗin ɗaki mai baranda, ka ƙara kuɗin intanet, ka ƙara tsarin abin sha marar barasa da kamfanonin ke sayarwa daban, ka ƙara cin abinci sau biyu ko uku a gidajen abinci na musamman da ke cikin jirgin. Abin da ya rage tsakanin wannan jimla da kuɗin sashen manya, shi ne ainihin farashin natsuwarka. Sai ka tambayi kanka ko ta kai.

Wanda kuma zaman kusa da mashaya da gidan caca ke damunsa tun farko, sashen manya ba zai raba shi da su ba, domin falon kansa yana da mashaya. Ya duba Aroya, kamfanin Saudiyya da ya fara jigila daga Jidda a Disamban 2024: babu barasa, babu caca, abincin halal ne, akwai wuraren salla.

Sai batun hanyar da jirgin zai bi. Zagayen kwana bakwai na yammacin Bahar Rum, irin mai tashi daga Basalona ya bi Marsai, Jenowa da tashar da ke kusa da birnin Rum, yakan kasance da yini ɗaya ne kacal a tsakiyar teku. Sauran kwanakin kana fita tun safe, ka dawo da yamma ƙafa ta gaji, ka ci abinci ka kwanta. Yaushe za ka zauna a falon? Sashen ya fi biyan kuɗinsa a tafiyar da yinin teku ya yi yawa, a babban jirgi, a lokacin hutun makarantun Turai na Yuli da Agusta. A ƙaramin jirgi ko lokacin da ba cunkoso, layin da ka biya don ka tsallake ma babu shi.

Ɗaukar jami'in hidima kamar ɗan furotokol

A Abuja mun saba da cewa idan kana da mutum a filin jirgi, ƙofar da ta rufe tana iya buɗewa. Jami'in hidima na jirgin ruwa ba shi da wannan dogon hannu. Zai kama maka tebur, ya samo maka kujera a wurin wasanni, ya gyara kuskure a lissafin kuɗinka, ya raka ka ka fita kafin jama'a, wanda ke da amfani sosai a wurare irin su tsibirin Santorini na Girka inda jirgi ke tsayawa nesa a kwashi mutane da ƙananan kwale-kwale. Amma biza ba ta hannunsa.

Mai fasfo ɗin Nijeriya ya tsaya a nan da kyau. Idan jirgin zai tashi daga ƙasar Shengen, wato ɗaya daga ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, ya taɓa Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro sannan ya dawo, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, ana buƙatar mai shiga da yawa. Haka zagayen Tekun Fasha da ke fita daga Dubai ya bi Doha ko Bahrain ya komo. Kamfanoni kan nemi takardun kowace tasha ko da ka ce ba za ka sauka ba, kuma idan aka hana ka hawa saboda takardu, sharuɗɗansu ba su tilasta musu mayar maka da kuɗi ba. Wanda ya kama ɗaki mafi tsada shi ne mai asara mafi girma. Ana iya neman bizar Shengen tun wata shida kafin tafiya, kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024. Ka nema da wuri, ka zaɓi tsarin biya da ke ba da damar sokewa, kada ka cika kuɗin ɗaki kafin fasfo ya dawo hannunka idan akwai hali. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Masu zuwa birnin Durban ko Kef Taun don jiragen MSC na Afirka ta Kudu, kada su manta da katin rigakafin shawara.

Jirgi kuma ba ya jiran wanda ya fita yawo da kansa ya makara, ko a wane bene yake kwana. Yana jiran motocin yawon da kamfanin ya shirya ne kawai. Saboda wannan dalilin ne ma ya kamata ka isa garin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar, tunda daga Abuja sai ka sauya jirgi a Istanbul ko Doha ko Adis Ababa ko Faris, kuma jinkirin ɗaya ya isa ya ɓata komai. Asibitin cikin jirgi ma kuɗi ne, da tsada, ba ya cikin alfarmar sashen; inshorar tafiya ce maganinsa. Mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, manyan kamfanonin ba sa ɗaukarta.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wato a biya kuɗin hadimi sannan kunya ta hana a sa shi aiki. Mutanenmu da kara, sai ka ga Hajiya tana goge kayanta da hannu tana cewa kada a wahalar da yaron mutane. Aikinsa ke nan. Abin da ya fi amfani shi ne ka rubuta wa kamfanin makonni kafin tafiya cewa ba ku cin naman alade ko abin da aka dafa da giya, ka tambaya ko akwai naman halal a wannan jirgin, a amsa maka a rubuce. Idan babu, kifi da kayan lambu suna nan, kuma a ƙaramin gidan abincin sashen mai dafa abinci ya fi saurin riƙe buƙatarka fiye da a babban zaure mai ciyar da dubbai. A nan kam ina ganin kuɗin yana aiki. A shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai lokacin jiragen Dubai da Doha. Hadimin da zai kawo sahur ƙarfe huɗu na dare ba ƙaramin sauƙi ba ne. Alƙibla kuwa tana sauyawa yayin da jirgi ke juyawa, amma a yawancin jirage talabijin ɗin ɗaki yana da tasha mai nuna inda ake da inda aka dosa.

Kuɗin da ke biyo baya

Tukuicin ma'aikata ana ɗora shi kullum a kan kowane mutum, kuma na manyan ɗakuna ya fi yawa. A 2023 Norwegian ta mayar da nata dala 25 a rana ga 'yan The Haven, dala 20 ga saura. Iyali mai mutum huɗu a dare bakwai, dala 700 ke nan, kuma a wannan kamfanin hadimi da jami'in hidima ba sa cikin rabon, nasu daban ake ba su a hannu. Cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati ake ɗaurawa a asusun ɗaki, su riƙe wani adadi tun ranar farko. Katin naira mai iyakar kashewa a waje zai iya ba ka kunya a gaban kanta, don haka ka tafi da katin asusun dala, ka kuma riƙe 'yan ƙananan daloli daga 'yan canji na Zone 4 saboda tukuici. Wayarka kuma ka sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, domin layin tsakiyar teku ta tauraron ɗan Adam yake bi.

Mai saurin jiri ya duba taswirar jirgin. Yacht Club a gaba yake kuma a sama, inda motsin igiyar ruwa ya fi ƙarfi. Tsakiyar jirgi a ƙananan benaye ya fi kwanciya, kuma a can ɗakuna masu araha suke.

Idan har yanzu zuciya na so amma farashin ya yi nauyi, ka kama ɗakin da za ka iya zama a cikinsa ba tare da ƙorafi ba, ka jira saƙon tayi. MSC, Norwegian da Royal Caribbean duk suna aiko wa wasu fasinjoji damar yin tayi a kan manyan ɗakunan da ba a sayar ba, makonni kafin tafiya. Adadin da ka rubuta na mutum ɗaya ne, za a ninka shi biyu. Idan aka karɓa, nan take ake cirewa daga katinka, ba a fasawa, kuma su ne za su zaɓa maka ɗakin. Tayin na ɗaki ɗaya ne, ba ya jan ɗakin Inna da na yara, don haka mai tafiya da iyali ya koma ya sake duba lissafinsa kafin ya danna.